Ƙaryar da Malam Tarihi Ya Ƙi Yi

"Baba, ku ɗaga ta wajenku, ƙafar kujerar za ta bugi ƙarfen bene!"

Direba ya ɗaga. Kujerar roba ce fara, a cikinta kuwa maƙwabcinsa ne, tsohon da duk unguwa ke kira Malam Tarihi, an lulluɓa masa bargo a gwiwa. 'Yar tsohon, wadda ta yi maganar, na riƙe da kujerar ta sama, Direba na ƙasa yana sauka da baya-baya, nauyin duk a kansa. Wai nauyi! Mutumin da a da in ya tako benen nan sai kowa ya ji, yau bai fi tayar mota ɗaya ba.

"Sannu, maƙwabci," in ji tsohon, muryarsa can ƙasa. "Na ɗora maka wahala."

"Ba don kai na yi ba," Direba ya ce yana haki. "Yarinyar nan ce ta buga mini ƙofa tana kuka."

"To, na gode wa yarinyar."

Wannan ce magana ta farko da ta shiga tsakaninsu cikin shekaru, alhali ƙofarsu na kallon juna, bango ɗaya ne ya raba ɗakunan kwanansu. Motar da ke kai tsohon wankin ƙoda a asibiti ce ta lalace a ranar, tasin Direba kuma ga ta nan a ƙofar gida. Ya kwantar da shi a kujerar baya, ya rufe ƙofa da ƙarfin da ya wuce kima, ya tayar da mota.

Abin da ya haɗa su ba ɓoyayye ba ne. Direba yana da ɗa namiji guda, Auta, yaro mai kan karatu. Malam Tarihi kuwa tarihin addinai ya koyar a jami'a har ya yi ritaya, ɗakinsa littattafai ne tun daga ƙasa har rufi. Tun Auta na sakandare yake tsallakawa aron littafi, Direba na murna, yana cewa gara can da yawon titi. Ashe! Wata rana suna cin abinci, yaron ya ajiye cokali ya ce shi fa ya karanta yadda littattafan addini suka iso hannun mutane, wa ya ji, wa ya rubuta, wa ya kwafa, su wa suka yi gardama, kuma duk inda ya duba hannun ɗan Adam yake gani. Ya ce ba zai iya rantsuwa cewa wahayi ne daga sama ba. Direba ya buga tebur har kofi ya faɗi, ya ce gidan nan ba zai ɗauke su su biyu ba. Auta ya ɗauki jaka ya tafi wani gari, can ya sami aikin koyarwa. Uwarsa takan kira shi a ɓoye daga kicin, Direba na ji, sai ya ƙara muryar rediyo.

Kewar yaron nan ta ci shi, gaskiyar magana ke nan. In ya ga saurayi mai dogon wuya ya tsayar da tasi, sai gabansa ya faɗi. Amma ya ɗaga waya? Allah ya kiyaye. Laifin kacokan ya ɗora wa maƙwabcinsa.

Ba a gyara waccan motar ba, shi ma bai tambaya ba. Ranar wanki ta gaba sai ga shi a bakin ƙofarsu da mabuɗi a hannu, fuska a murtuke. Haka abin ya zama aikinsa. Matarsa ta ce, "Baban Auta, ashe an shirya?" Ya ce, "Wa ya shirya? Fasinja ne kamar kowa." Ba ta tuna masa cewa wannan fasinjan ba ya biya ba.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat. Da sassafe, in yana ɗaure takalmi, yakan ji muryar tsohon ta bango yana addu'a, a hankali, har da shessheƙa wani lokaci. Ya daɗe yana jin haka, yana cewa munafunci ne. Yanzu da ya ɗauki mutumin a hannunsa, ya ga yadda allura ta huda masa dantse, ya kasa yarda cewa mai wannan hali zai tsaya yi wa bango wasan kwaikwayo.

Ran nan sun taso daga asibiti, 'yar ta sauka sayen magani, suka rage su biyu a mota. Direba ya gyara madubi har ya sami fuskar tsohon.

"Malam, ina jin ka ta bango."

"Tari? Yi haƙuri."

"Addu'a."

"Au. Ita ma yi haƙuri."

"Bar wasa. Kai ka karanta abin da Auta ya karanta, har ka ninka. Kai ga ka kana kiran Allah, shi ya bari. To wanne ne? Karatun nan naku yana nuna wahayi gaskiya ne, ko ba ya nunawa?"

Tsohon ya gyara bargon da ke gwiwarsa. Can ya ce, "In ka ɗauko fasinja ka sauke shi a ƙofar gida, ka san hanyar da kuka bi?"

"Kwana-kwana."

"Ka san abin da aka faɗa masa a cikin gidan?"

"Ina ruwana da cikin gidan mutane?"

"To aikina ke nan. Ina bin sawun magana baya-baya. Wannan ya kwafa daga wancan, wancan ya ji daga bakin wane. In bi, in bi, har in iso ga mutumin da ya ce, an yi mini magana. Nan motata take tsayawa. Na san ya faɗa, na san mutane sun yarda har sun ba da ransu. Wanda ya yi masa maganar kuwa, tarihi ba shi da mabuɗin wannan ƙofa. Ba zai ce akwai ba, ba zai ce babu ba."

"To kai me ya sa ka yarda?"

"Ni ma na yi shekaru ban yarda ba, kana ganina nan. Hannun mutane nake gani, masu mantuwa, masu rigima, masu son mulki. Daga baya abin ya juye mini. Na ce, ta irin waɗannan hannaye saƙon ya biyo, amma ya iso, har yau yana kwantar wa mutum da hankali a gadon asibiti? Sai mamaki ya kama ni, bai sake ni ba. Amma mamaki ne, maƙwabci, ba hujja ba. Auta ya san bambancin. Ni na koya masa."

"Ka koya masa, ka cuce ni!" Direba ya doki sitiyari har hon ya yi ƙara. Wata mai wucewa ta harare shi. Ya sassauta murya, ya juyo gaba ɗaya. "Malam, roƙonka zan yi. Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka kira shi. Ka ce masa ka gama bincike, ka gano tarihi ya tabbatar. Maganarka yake ji, ba tawa ba. In ya ji daga bakinka zai dawo hanya, in ya dawo hanya ya dawo gida."

"Ƙarya kake so in yi."

"Guda ɗaya tak! Ta alheri. Uwarsa ta rame, kai ma kana gani."

"Ita kaɗai?"

Direba ya juya ya fuskanci sitiyari.

"Ba zan iya ba," tsohon ya ce. "Yaron nan zai gane tun ban rufe baki ba, daga nan kuma ko addu'ata ba zai ƙara yarda da ita ba. Ni kuma tafiya ce a gabana. Da wace fuska zan isa, ina riƙe da ƙaryar da na yi da sunan Wanda zan tarar?"

"Shi ke nan. Ka raba ni da ɗana, kuma ka ƙi mayar mini."

"Yana kirana, ka sani?"

Direba ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi.

"Duk mako. Mu ɗan taɓa maganar littafi, sai ya kewayo. Baba yana fita da motar har yanzu? Gwiwar tasa fa? Ya sayi tabarau ɗin, ko yana nan yana gardama da likita? In ce masa, gardama dai. Sai ya yi dariya, irin taka sak."

'Yar ta dawo da ledar magani, ta tarar da Direba ya fita yana goge gilashin gaba, gilashin da babu komai a kansa.

Kwana biyu ya ɗauke wa tsohon gaisuwa, ya ɗauko shi, ya ajiye shi, kamar kaya. Amma tsohon yana ƙara narkewa, fushi kuma ba ya zama a kan mutumin da kake ɗauka a hannu. Wata safiya a kan bene, tsohon ya ce masa ya gaya wa 'yarsa littattafan nan duka na Auta ne, kuma kada a aika masa, shi zai zo ya kwasa da kansa.

"Ka ƙara masa guba ke nan," in ji Direba.

"Iyakar inda zan iya kawo maka shi ke nan. Sauran ba aikina ba ne."

Ranar ƙarshe rana ce mai haske. Sun fito daga wanki da yamma, tsohon ya ce a sauke masa gilashi, yana so ya ji hayaniyar titi. Ya jingina kai a kafaɗar 'yarsa, yana kallon 'yan makaranta suna tsallaka hanya, leɓensa na motsi. Danja ta tsayar da su. Da ta ba da hannu, Direba ya ɗaga ido ya dubi madubi, ya ga leɓen ya daina motsi.

"Baba," 'yar ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Baba, ku juya mu koma asibiti."

Ya juya. Ya san babu sauran sauri, ita ma ta sani. Ya tuƙa a hankali, yana kauce wa kowane rami, motocin baya na ta danna masa hon, hawaye na sauka cikin gemunsa bai share ba. Bai taɓa zaton zai yi wa mutumin nan kuka ba. Ya yi, har ya ba kansa haushi.

Bayan an yi jana'iza, masu ta'aziyya sun ja baya, sai wata safiya ya ji matarsa ta saki tsintsiya a bakin ƙofa ta ce, "Wayyo Allah, ɗana!" Ya zauna a bakin gado bai motsa ba. Ta bango yana jin ana sauke littattafai, ana jan kwali, ana yage salatif. Ya ji tarin Auta, wannan ɗan gajeren tarin da ƙura ke sa shi tun yana ƙarami. Ya ɗauki mabuɗi ya ce zai je wanke mota.

Yana tsaye da bokiti Auta ya sauko rungume da kwali. Ya yi ƙiba kaɗan, ga furfura ɗaya-ɗaya a gefen kai. Yaushe yaron nan ya yi furfura? Auta ya ajiye kwalin, ya rusuna.

"Ina kwana, Baba. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Na kira mota, za ta kai ni tashar jirgin ƙasa."

"Wace mota? Wannan da kake gani jaki ce?" Ya buɗe but ɗin tasinsa da ƙarfi. "Sa a nan. Manya a ƙasa, kada ka fasa mini fitila."

Suka yi ta hawa da sauka. But ya cika, kujerar baya ta cika, bayan motar ya zauna har ya kusa taɓa taya. Direba ya ɗauki kwalin ƙarshe da kansa, gwiwa na ƙara, ya ƙi yarda a karɓa. Uwar na tsaye a taga ta rufe baki da mayafi.

Babu wuri sai gaba, Auta ya shiga gaba. Sun hau babban titi kafin ya ce, yana kallon hannuwansa, "Baba, kada in bar ka cikin duhu. Ina nan inda nake. Ban ce babu ba, amma ban iya cewa na tabbata ba."

Tambayoyi cike da bakin Direba, da wa'azin da ya yi shekaru yana shiryawa a zuci in fasinja ya sauka. Ya haɗiye su.

"Na tambaye ka?" ya ce. "Ɗaura bel."

Auta ya ɗaura. Can gaba ya ce, "Ashe ka sayi tabarau ɗin."

"Likitan ne ya dame ni."

Kwanar tasha ta taho ta hannun dama, da babban allonta da kowa ke gani. Direba, wanda tunda ya fara tuƙi bai taɓa zagayawa da fasinja ba, ya wuce ta, ya miƙe hanyar da ke kewaye gari. Auta ya bi allon da ido har ya ɓace a baya. Ya dubi agogonsa, ya dubi ubansa, sannan ya sauke gilashi ya ɗora gwiwar hannu a kan taga.