Haƙoran 'Yar Gwaggo

Gwaggo ce da kanta ta matsa sai uwar yarinyar ta raka su wurin likitan haƙori. Ba don ƙauna ba, Allah ya sani. So take likita ya ce sakaci ne, uwar ta ji kunya ta tattara ta koma inda ta fito.

Tun rasuwar ƙanenta Gwaggo ke riƙon 'yarsa, ita kuwa uwar ta tafi aiki wani gari mai nisa. A gindin keken ɗinkin Gwaggo yarinyar ta yi wayo, har unguwa ta manta sunanta, sai 'Yar Gwaggo. Yanzu ga uwa ta dawo da akwatuna da ƙamshin turare, wai ta kama gida, tana son 'yarta. Ka ji fa, kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Matsalar yarinyar haƙora ce. Rawaya ne, duk ramuka, suna marmashewa kamar alli, ruwan sanyi ya taɓa su sai hawaye. Gwaggo ta hana alawa, ta dirje su da gawayi da gishiri safe da yamma, a banza. Ko da ta yi famfara, sababbin ma haka suka fito. Gwaggo ta daɗe da yanke hukunci: ruwan sukari ne uwar ta ɗura mata tun tana jaririya.

Likita ya kwantar da kujera, ya haska fitila, ya daɗe yana dubawa. Gwaggo ta gyara tsayuwa, tana satar kallon matar ƙanenta.

"Mama, wannan ba aikin zaƙi ba ne," in ji shi. "Farin ɓawon da ke rufe haƙori ne bai ginu da ƙwari ba tun farko. Sau da yawa gado ne. Za mu iya rufe su. Gawayin dai a daina, ƙara cinye su yake."

Sai ya tambaya ko akwai mai irinsu a dangi.

"Mu dai gidanmu babu," Gwaggo ta yi caraf ta ce, har da ɗan buɗe baki ya gani.

Uwar ta dubi Gwaggo. Can ta ce a hankali, "Ni ce, Yaya. Na gaban nan sawa aka yi min. Na mahaifina ma haka suke."

Ta sunkuya ta buɗe baki. Can ciki, ga su nan, rawaya masu ramuka.

Nan Gwaggo ta so ta ji daɗi, tunda ga laifi ya koma gidansu. Amma yarinyar ta riga ta tashi zaune. Yarinyar da ko hoto za a ɗauke ta sai ta damƙe baki, ita ce ta kama haɓar uwar da hannu biyu tana leƙawa.

"Irin nawa ne," ta ce. "Ke ma suna miki tsami in kin sha ruwa?"

"Sosai. Da gefe nake sha."

"Ni ma da gefe."

Suka yi dariya, baki buɗe, su biyu. Kishi ya turnuƙe Gwaggo. Kishin me, jama'a? Kishin lalatattun haƙora. Ita ta yi goyo, ita ta yi jinyar ƙyanda, ita ta ɗinka kowace riga da ke jikin yarinyar nan, amma babu ko farce ɗaya da za a nuna a ce nata ne.

A bakin titi, suna jiran mota, Gwaggo ta yi ƙarfin hali ta miƙa hannu.

"Zo mu tafi gida, na san bakinki na ciwo."

Yarinyar ba ta saki yatsan uwar ba. Ta ɗago ta dube ta, ba rashin kunya, sai ma tausayi.

"Gwaggo, ke naki farare ne. Ba za ki gane ba."

Mota ta tsaya. Gwaggo ta shiga gaba ita kaɗai, ta bar musu baya.