Wutsiyar Kifi a Kan Shuɗiyar Ƙwallo

A bayan kantar shagon soyayyen kifi da dankali na Norman Sugden, a garin Barnsley, aka ƙulla cinikin. Norman na juya kifi a cikin mai, Keith Midgley na tsaye da akwatin sandarsa ta sinuka, wasan jefa ƙwallaye a ramukan tebur, a hammata.

"Ɗakin otal da man mota, duk a wuyana," in ji Norman. "Kai kuma ka manna tambarin shagona a ƙirjin falmaran ɗinka. Muddin na'urar talabijin tana kanka, kifina yana nan."

"Da abincin Glenda."

"Haba Keith! Matarka ce ko tawa?"

"Ita za ta yi tuƙi. Ko kai za ka rufe shago ka kai ni?"

Norman ya goge hannu a jikin riga ya miƙo. "Na yarda. Amma ka daɗe a teburin, mutumina. Kada yaron nan ya kore ka tun mutane ba su gama karanta sunana ba."

Suka tafa. Keith ya daɗe yana cin abinci da sandar nan, tun gashin kansa na nan cif, amma bana ƙasa ta zame masa. Da ƙyar ya tsallake wasannin share fage ya samu shiga gasar duniya ta Sheffield. Lissafinsa ba mai wuya ba ne: in ya ci wasan farko, katinsa na ƙwararru yana hannunsa, in ya faɗi an cire sunansa, sai ya koma layi da yaran da ya isa ya haife su yana neman a sake ɗaukarsa. Shekararsa arba'in da takwas, idonsa ya fara neman tabarau.

Da tambarin ya iso sai ga kifi guda na yadi mai tauri, ya kai tafin hannu, da wutsiya a tanƙware, an rubuta sunan shagon a cikinsa. Glenda ta ɗauko allura.

"Kul!" in ji Keith. "Allura ba ta taɓa falmaran ɗin nan."

"Ga ka nan. Falmaran ɗin da tumbinka ya kusa fasawa?"

"A cikinta na ci kofina na farko. Ba a huda ta."

"Kofin da muke zuba makullai a ciki? To, ranka ya daɗe, da me za a riƙe kifin, da addu'a?"

Da gam aka manna shi. 'Yan sinuka duk haka suke, kowa da abin da ya yi imani da shi. Wani ba ya canza allin goga bakin sanda, wani ba ya aski sai an fitar da shi.

Abokin karawarsa Euan Buchan ne, wani siririn saurayi daga Scotland da ba ya kallon kowa sai ƙwallo. Wanda ya fara cin zubi goma shi ya wuce. Ranar farko Keith ya yi wasan tsofaffi, ya riƙa ɓoye farar ƙwallo a bayan masu launi har yaron ya fara cizon leɓe. Sai dai fitilun da ke saman teburin suna da zafi, Keith kuma mai gumi ne. Tun kafin a tashi wutsiyar kifin ta fara ɗagowa. Ya buga ya danna ta, ya zauna ya danna ta.

Washegari da rana aka dawo. Lokacin hutun shan shayi Glenda ta same shi a ɗakin canza kaya.

"Cire abin nan ka huta. Kamar mai ciwon zuciya, kullum hannu a ƙirji."

Norman, da ya bar shago a hannun ƙanwarsa ya biyo su, ya yi tsalle. "A cire? Glenda, ki ji tsoron Allah! Jiya har daga Leeds aka bugo mini waya."

Keith ya dubi kifin, ya dubi Norman. Ya riga ya kwana a ɗakin, ya ci abincin. "Mun tafa," ya ce. Ya lashi babban yatsa ya danne wutsiyar, ya ɗauki sandarsa.

Wasa ya yi ta ja har suka yi tara da tara. Saura zubi ɗaya. Ɗakin ya yi tsit, irin shirun da in mutum ya yi tari sai na kusa da shi su harare shi. Keith ya lallaɓa ya tara maki har ya ba yaron tazarar talatin, jar ƙwallo ɗaya ta rage a teburi, ban da masu launi. In ya jefa jar nan a rami, abin da ya saura ba zai ishi Euan ya kamo shi ba.

Jar tana bakin rami, makaho ma ya jefa ta. Farar ce ta yi nisa, shuɗiya kuma ta tsaya a tsakani. Ga sandar tallafi ta bugun nesa a rataye a gefen tebur, amma Keith bai taɓa son ta ba, ya ce tana raba shi da hannunsa. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya kwanta a kan teburin, ya tsotse tumbi iyakar iyawarsa. Ya buga. Jar ta faɗa.

Ɗaki ya ɗauki tafi. Alƙaliyar wasa, da fararen safar hannunta, ta buɗe baki za ta faɗi maki. Euan ya riga ya sunkuyar da kai yana naɗe tawul.

Keith kuwa ya ji abin da ya ji. Daidai lokacin da sandar ta tafi, wani abu ya shafi wani abu a ƙarƙashin ƙirjinsa, shafar da ba ta fi ta gashin tsuntsu ba. Shuɗiyar ba ta bar wurinta ba. Alƙaliyar tana ɗaya gefen, jikinsa ya tare mata. Ya miƙe a hankali, ya ga wutsiyar kifin a tsaye kamar kunnen kare.

A sinuka, in tufarka ta taɓa ƙwallo laifi ne, ko ta motsa ko ba ta motsa ba. Kuma tun yana yaro, a kulob ɗin 'yan haƙar kwal inda ya koya, wanda ya yi shi yake faɗa da bakinsa. Ba a rubuta wa kowa ba, ba a kuma yaba wa kowa a kai. Wanda ya yi shiru dai, ko ya ci, ba mai sake saya masa shayi.

Ya ɗaga hannu. "Na taɓa shuɗiya."

Alƙaliyar ta dube shi. "Ka tabbata, Keith? Ban gani ba."

"Ni na ji."

Ta ba Euan maki biyar. Jar da ta faɗa ba ta dawowa, makinta kuma bai shiga ba. Tazara ta koma ashirin da biyar, a teburi akwai ashirin da bakwai. Yaron ya tashi, ya ɗan buga gefen tebur da yatsa alamar girmamawa, sannan ya kwashe masu launin nan ɗaya bayan ɗaya, bai yi wa tsoho ragi ba. Baƙar na faɗawa ya zo ya miƙa hannu.

"Yi haƙuri, baba."

"Haƙurin me? Je ka ci na gaba."

Suka shiga mota suka bar gari. Norman ya leƙo daga kujerar baya.

"Keith, tsakaninmu, da ka yi shiru wa zai sani?"

"Masu talabijin suna da na'ura a sama, Norman."

"To da babu fa?"

"Da babu ma. Rufe mana baki, kana warin mai."

Glenda ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta dai ƙara wa rediyo murya, sai da ta ji ana maganarsu ta kashe.

Euan bai yi nisa ba, a zagaye na biyu wani ɗan China ya fitar da shi, kofin kuma ya tafi Wales a hannun wanda dama kowa ya zata. Amma har aka gama gasar, duk hutun da aka yi sai an sake nuna bugun Keith a hankali, an matso da hoton, ga wutsiyar kifi tana shafar shuɗiya, ga sunan shagon ɓaro-ɓaro. Masu sharhi suka yi ta cewa mutumin kirki ne, irinsa sun yi ƙaranci. Wannan yabon ba ya cikin abin da ake lissafawa a jerin ƙwararru, sunan Keith ya faɗo ƙasan layi.

Norman ya ƙara tukunyar suya ta biyu, ran Juma'a layi har bakin titi. Euan ya samu zagaye ɗaya da bai yi tsammani ba. Keith ya rasa katinsa, yanzu yana koyar da sinuka a kulob ɗin unguwa ran Talata da Alhamis, yana jiran gwajin baɗi, in idon ya yarda.