Tambaya Ɗaya ga Seth Munaf

Zaitun Bai yayar matata ce, marigayiya Shamim. Tunda na shigo danginsu ba ta taɓa neman shawarata ba, ko a kan wace motar haya ke zuwa kasuwa. Saboda haka da ta aiko in zo unguwarsu, Kharadar, na san tura ta kai bango.

Na same ta zaune a bakin gadon ƙaninta Ghaffar, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar tun shekarun baya. Wilayat, mai jinyar da ke zuwa kullum da safe ya ɗaga shi, ya yi masa wanka, ya juya shi don kada gado ya ci masa baya, yana gefe yana ninke zanuwa, ya yi kamar ba shi da kunne.

"Bana ma ba su raba ba," in ji ta.

"Na gani a jarida, Yaya."

"Kai dai komai a jarida kake ganinsa."

Ribar hannun jari take nufi. Mahaifinsu, Munshi Sattar, akawu ne a wani kamfanin sabulu, a nan ya shiga da baƙin gashi ya fito da fari. Duk abin da ya rage masa a ƙarshen wata, hannun jarin kamfanin yake saye da shi. Da ya rasu, shi ya bar musu, ba gida na biyu, ba gona, ba komai. Kuma a wurin mutanenmu, sayar da hannun jarin gidan da ya ciyar da ubanka bai da maraba da sayar da kabarinsa. Ana gadonsa ne, a ci ribar da aka raba duk shekara, a yi wa mai kamfani addu'a.

Ni kuwa ilimin tattalin arziki na koyar a kwaleji har na yi ritaya. Na sha faɗa musu a kan tabarmar cin abinci: ku sayar da rabi, ku sa wani a takardun ajiyar gwamnati, wani a kamfanin taki, wani a banki, don in ɗaya ya yi tuntuɓe sauran su riƙe ku. Ghaffar, lokacin yana da ƙafafunsa da bakinsa, sai ya ce, "Farfesan iska ya fara. Ku miƙa masa miya ya yi shiru." Shamim takan taka mini ƙafa.

Abin dariyar, shawarata ta samu mai ɗauka, amma ba su ba. Jikan mai kamfanin, Seth Munaf, ya gaji da ƙamshin sabulu. Ya ciyo bashin banki ya sayi jiragen ruwa, ya sayi gidan talabijin, ya sayi filaye a bakin teku. Shi ya rarraba dukiya yadda littafi ya ce, sai dai da abincin Zaitun ya yi rarrabawar.

"Wani asibiti na neman Wilayat," ta ce da ƙaramar murya. "Ya ce zai jira ni zuwa ƙarshen wata. Ni ba zan iya ɗaga Ghaffar ba, ka gan ni."

"To ki sayar. Ko kashi ɗaya cikin huɗu ya isa."

"Zan sayar. Amma sai na ji daga bakin Seth cewa baɗi ma babu. Ba zan zubar da sunan Baba a kan maganar jarida ba. Jibi-jibin nan za a yi taron shekara. Kai ne mai baki, ka tashi ka tambaye shi."

Wannan ne karon farko da wani daga gidan ya kira bakina abin amfani. Na je ofishinsu na rubuta sunana cikin masu son magana, da sunan wadda nake wakilta. Na kwana biyu a kan rahoton shekara, na tace tambayata har ta koma jimla ɗaya da ba ta da ƙofar fita.

An yi taron a zauren wani otal mai sanyin da ke shiga ƙashi. Jama'ar kullum ce: tsofaffi masu jakunkunan yadi, kowa ya damƙe tikitin karɓar kwalin shinkafar biryani. Yawancinsu hannun jarin da suka mallaka bai kai kuɗin motar da ta kawo su ba. Daga wannan taro su faɗa wancan, duk damina. Na daɗe ina kiransu maroƙan kasuwa, a gabansu kuma.

Sarkinsu, Mirza Kaleem, ya hango ni tun daga ƙofa.

"A'a! Farfesa da kansa! Yunwa ce ta koro ka, ko littattafan ne suka ƙare?"

"Na zo jin waƙarka ne, Mirza. An ce bana ka canza sunan shugaban kawai, sauran baitocin na bara ne."

"Ka ci gaba da tsiya. Ni dai da kwali biyu zan koma."

Seth Munaf ya karanta jawabinsa. Shekara ce mai wuya, farashin mai ya tashi, darajar kuɗinmu rupi ta faɗi, amma gobe tana da haske. Mirza ya tashi ya kwatanta shi da wata ɗan daren goma sha huɗu, ya roƙi a kai masu hannun jari yawon ganin masana'anta, a kuma ƙara nama a biryanin baɗi. Aka tafa. Wani ya tashi ya yi wa jikokin Seth addu'a ɗaya bayan ɗaya. Aka tafa. Zaitun tana kusa da ni cikin farin mayafinta na fita, ta riƙe jakarta a kan gwiwa da hannu biyu.

Sai aka kira sunana, Shabbir Lakdawala. Na isa gaban makirufo, takardata a hannu, ƙafafuna daram.

"Ranka ya daɗe, ina magana ne a madadin Zaitun Bai, 'yar marigayi Munshi Sattar. Tambayata ɗaya ce."

"Dakata." Seth ya cire tabarau. "Munshi Sattar? Namu na ɗakin lissafi? 'Yarsa tana cikin zauren nan?"

Ya taso daga kujerarsa, ya sauko daga dandamali, mutane suna darewa. Ya tsaya gaban Zaitun ya sunkuyar da kai, kamar yadda yaro ke yi wa babba, har sai da ta ɗora masa hannu a ka.

"Goggo, mahaifinki ne ya koya mini riƙe alƙalami. Kakana yakan ce in Munshi Sattar ya rufe littafi, to a je a yi barci." Ya juyo gare ni. "Kai ne mijin Shamim ke nan. Ina take? Ba ta zo ba?"

"Ta rasu."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya dafa ƙirji. "Jama'a, wannan gida namu ne. Mu yi wa Munshi da 'yarsa Shamim Fatiha."

Zauren gaba ɗaya ya ɗaga hannu. Ni ma na ɗaga, takardar tana maƙale tsakanin yatsuna. Na san sarai Shamim ba ta taɓa haɗuwa da mutumin nan ba. Na san ni da hannuna na ba su sunayen tun kafin taro, na ba su lokacin tono abin da za su tono. Duk wannan yana kaina a fili, kamar darasin da na koyar sau ɗari. Amma tun ranar sadakar arba'in ɗinta ban ji wani ya ambaci sunanta da ƙarfi ba, ga shi yanzu ɗaruruwan mutane suna motsa leɓe saboda ita.

Aka shafa. Seth ya koma kujerarsa, ya mayar da tabarau, ya dube ni da fara'a.

"Farfesa, ka ce kana da tambaya."

Wa zai shafa Fatihar matarsa, hannunsa bai sauka daga fuska ba, ya ce ina kuɗi? Akwai masu iyawa. Da na ɗauka ina cikinsu.

"Babu komai, ranka ya daɗe. Mun gode. Allah ya ƙara arziki."

Tafin da aka yi mini ya fi na Mirza. Ina komawa wurin zama ya miƙo wuya ta bayan kujera.

"Barka da shigowa, abokin aiki. Gajere amma da daɗi. Baɗi ka sa baiti ko biyu."

Aka kaɗa ƙuri'a a kan komai cikin ɗan lokaci, hannuwa suna tashi tun kafin a gama karantawa. A ƙofa wani ma'aikaci ya biyo mu da kwalaye huɗu, ya ce Seth ne ya ce a ba Goggo.

A cikin keke mai ƙafa uku, kwalayen suna ƙona mini cinya, Zaitun sai murmushi take yi wa titi.

"Ka ga yadda ya sunkuya? A gaban kowa."

"Yaya, bai ce zai raba riba ba."

"Bai ce ba zai raba ba."

"Ai ba a..."

"Ba a me? Wa ke riƙe da makirufo?" Ta gyara mayafi. "Ba laifinka nake gani ba. Na ma ji daɗi da ka nuna tarbiyya, ban zaci kana da ita ba. Mutumin da ya yi wa Baba Fatiha, in je gobe in sayar da shi a kasuwa? Da wane ido?"

Na yi mata bayanin bashin jiragen tun daga kan gada har ƙofar gida. Ta saurare ni kamar yadda ake sauraren rediyon maƙwabta.

Wilayat ya cika alkawari, ya jira har ƙarshen wata. Kafin ya tafi ya nuna mini yadda ake yi: gwiwa a jikin gado, hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya ƙarƙashin cinya, a ɗaga da ƙafa ba da baya ba. Ba wanda ya roƙe ni. Ba wanda kuma ya ce kada in zo.

Yanzu kullum bayan asuba nakan hau mota zuwa Kharadar. Ghaffar ya fi yadda ido ke nunawa nauyi. Ranar farko na kusa kayar da shi, muka zube tare a jikin bango, fuskarsa a wuyana, yawunsa yana bin rigata. Da na zo kwance masa wando sai ya runtse ido, ya juyar da kai iyakar inda wuyan ke iya juyawa. Ni ma bango nake kallo, ina lalube da hannu.

Zaitun takan tsaya a bayan ƙofa da butar ruwan zafi, ba ta shigowa.

"Shabbir, a ƙaro?"

"A ƙaro kaɗan, Yaya."