Har Ruwan Ya Kwanta

Kun wuce shi. Kada ku ce ba ku gan shi ba, don a bakin ƙofarsa yake, kan ɗan bencin da ya saba zama, bayansa jingine da bango, idanunsa a rufe, littafinsa a cinya. Mai shago ya wuce da kwandon burodi. Direban tasi ya wanke motarsa tas a gabansa, har kumfar sabulu ta gangaro ta taɓa masa takalmi. Kowa ya dubi tsohon, ya sassauta murya, ya yi gaba. Ba wanda ya dubi kwalbar da ke kusa da ƙafarsa.

Mai ɗinkin da ɗakinta ke kallon nasa ce ta dube ta, sai ƙafarta ta tsaya cak a kan keke.

Duk layin an san kwalbar Baba Mai Famfo. Tun da ya ajiye gyaran bututu, kullum da safe yakan fito da ita, ruwa ne a ciki da ɗan yashi. Ya girgiza ta har ruwan ya yi duhu, ya dire ta kusa da ƙafarsa, ya rufe ido, ba ya komai sai numfashi. In ya buɗe ido ya ga ruwan ya kwanta, sai ya ɗauki fensir ya rubuta tambaya ɗaya tak a saman shafi, abin da ya fi damunsa a ranar, ya zuba duk abin da ya zo masa a ƙarƙashinta. Yana rufe littafin zai kwarara gaisuwa har ƙarshen layi. Kafin nan kuwa ba a yi masa magana. Ko yara sun san dokar.

Shi ya raɗa wa mai ɗinki suna Gaggawa. Wata safiya ta taɓa faɗo masa hankali a tashe, ta yanke yadin mutane ba daidai ba, hannun riga ya gaza.

"Baba, na shiga uku! Matar nan za ta cinye ni ɗanya."

Ya miƙa mata kwalbar. "Girgiza, ki zauna."

"Ni fa ina da aiki!"

"Shi ma almakashin naki ai a bakin aiki yake da ya yi ɓarnar. Zauna, 'yar nan."

Ta zauna tana huci kamar tukunya a wuta. Da ruwan ya washe ya ba ta fensir, ta rubuta, ta soke, ta sake rubutawa, sai ga dabara: ta ƙara wa hannun wani yadi mai duhu a baki. Mai rigar ta karɓa tana murna, har ta turo ƙawayenta su ma a yi musu irinsa. Tun daga ranar Baba bai bar ta ta huta ba. "Gaggawa, yau wane yadi za mu lalata?"

Kwanan baya ne ya kira ta, ya karanta mata tambayar da ta ƙi barin saman shafinsa: yaya zai gaya wa 'yarsa Auta ƙirjinsa na ciwo ba tare da ta bar aikinta ta taho ba? Auta ita kaɗai ta rage masa, tana can wani gari mai nisa, bayan doguwar wahala ta samu aikin. Ƙarƙashin tambayar fari fat.

"Ba ni lambarta, Baba, yanzu in kira ta."

"Kin ji ki! Ruwan bai kwanta ba tukuna. Yi mini alkawari ba za ki sa baki ba."

Ta yi masa. Mutanen layi ma sun ga yana dafe ƙirji in zai miƙe. Suka ce tsufa ne, suka ce Allah ya sawwaƙe, kowa ya koma harkarsa.

Yanzu ga ruwan kwalbar ya kwanta tuntuni, rana har tana ratsa shi. Ga fensir a ƙasa. Mai ɗinki ta fito ba takalmi, awon ɗinki na reto a wuyanta.

"Ke, ke! Bai gama ba," in ji mai shago, yana ɗaga mata hannu.

"Dubi kwalbar, malam! Dubi kwalbar!"

Ta durƙusa ta kama hannunsa. Sanyi ƙalau, goshinsa jiƙe da gumi. "Baba! Baba!"

Da ƙyar ya ɗaga ido. "Gaggawa," ya ce a hankali, "kin karya doka."

"Na karya. Yanzu ma zan karya ta biyu."

Ta zaro wayar daga aljihunsa. Ya yi yunƙurin hana ta, hannun ya ƙi tashi. Tana jiran a ɗauka tana yi wa direba tsawa ya buɗe mota, shi kuwa yana tsaye da soso a hannu, baki sake.

"Auta ce? Maƙwabciyar Baba ce. Bar duk abin da kike yi ki taho. A'a, yana numfashi. Ki taho dai."

Yinin nan a asibiti mai ɗinki ta yi shi, ido ɗaya kan ƙirjinsa yana hawa yana sauka, ɗaya kan ƙofa. Likita ya ce da an kawo shi tun da ciwon ya fara, da wata maganar ake yi. Ita kuwa sai murza awon ɗinkin take a yatsa har ya yi mata shaida. Duk lokacin da wayar ta yi ƙara Auta ce: sun tashi, sun tsaya, mota ta yi faci, sun kusa.

Rana ta yi sanyi sa'ad da Auta ta shigo, da katin wurin aiki rataye a wuyanta. Ta faɗa gefen gadon.

"Haba Baba! Aiki ya fi ka ne?"

Ya daɗe yana kallonta, kamar mai ƙishi ya samu ruwa. Sannan ya juyo da ido kan mai ɗinki.

"Ga mai laifin nan. Kwana da kwanaki ina neman amsa a littafi, ashe tana tsallaken layi tana taka keke."

"Ka yafe mini, Baba."

"Sai kin gyara mini aljihun da kika yaga."

Suka yi dariya su uku, Auta tana yi tana share hawaye da bayan hannu. Washegari da hantsi ya cika, yatsunsa a cikin na 'yarsa.

Masu zuwa gaisuwa bakinsu ɗaya: "Wallahi mun ɗauka shirun nasa yake yi." Haka ne. To makonnin da ya yi yana dafe ƙirji fa, su ma shirun ne? Mun iya sassauta murya mu wuce tsoho, mu kira abin ladabi, alhali tsayawar ce ba ma so.

Da Auta za ta koma, ta tafi da littafin, ta bar wa mai ɗinki kwalbar. Da safe mai ɗinki ta fito da ita, ta zauna kan bencin, ta girgiza, ta rufe ido. Da ƙyar ta daure. Da ruwan ya washe ta rubuta a bayan takardar awo: wa kuma ke zaune shiru a layin nan? Ba ta rubuta komai a ƙarƙashi ba. Ta ɗaga kai ta hango ƙofar tsohuwar da ke ƙarshen layi, labulenta a sake har yanzu, tsintsiya a jingine inda take tun shekaranjiya. Ta ajiye fensir kusa da kwalbar, ta miƙe.

Akwai irin wannan ƙofa a layinku, kun kuma san ta. Ku tashi ku je ku ƙwanƙwasa.