Gangunan da Aka Ɓoye

Tun da aka fara maganar shigar ƙasarmu Tarayyar Turai, kowa a ƙauyenmu ya zama lauya. Hukuncin da suka yanke shi ne Turai ta haramta katako: duk cukun da ya kwanta a gangar katako, shi da kasuwa har abada.

"Wa ya faɗa?" na tambayi Blagota, ƙanen marigayi mijina.

"Kowa ya sani, Vukosava."

"Shi Kowan ɗan gidan wa ne? Duk koyarwar da na yi a garin nan ban taɓa ganinsa a aji ba."

Da na je wurin 'yata a Faransa, a kan allunan katako na ga cukunsu jere. Na gaya masa. Ya ce su suna cikin gida, mu kuwa masu ƙwanƙwasa ƙofa ne.

Sai labari ya zo cewa wata jami'a za ta zo daga Podgorica, babban birnin ƙasarmu, ta ga yadda muke cuku. Mutanenmu suka yi abin da suka gada in baƙon gwamnati ya doso, wato ɓoyo. Da can tumaki ake korawa bayan dutse. Wannan karon ganguna aka kwashe, aka jera sababbin bokitan roba farare fes. Ni dai na bar nawa inda suke.

Gidana ne ƙarshen ƙauye, don haka ni ta zo wa a ƙarshe, Blagota na biye da ita yana watsa mini harara. Sunanta Darinka. Tana shiga ɗakin cuku ta tsaya cak.

"Inna, har yanzu kina amfani da waɗannan?"

"Na yara ne, wasa suke yi da su," in ji Blagota da sauri.

"Ƙaraminmu a gidan nan kai ne," na ce. "Ɗaga dutsen da ke kan murfin, 'yata, ki gani. Cuku ne."

Ta ɗaga, ta sunsuna, ta zauna a kan kujera kamar wadda ta sauke kaya. Ta ce ana sake rubuta dokokin abinci don su dace da na Turai, kuma akwai gurbin da ake bar wa sana'ar gargajiya, in har tana raye. Abin da aka aiko ta dubawa ke nan. Ƙauye bayan ƙauye roba take gani, har ta shirya ta koma ta ce katako ya mutu.

"To ga shi kin gani," na ce.

"Gida ɗaya ba ya zama al'ada, Inna. Za su ce tsohuwa ɗaya ce mai taurin kai."

Na juya na dubi Blagota. "Ina kuka kai su?"

Ya sosa ƙeya. "Garken shanuna."

Haka muka ɗunguma. Ga gangunan ƙauye kaf a bayan tulin ciyawa, kaji sun hau, kashin shanu ya fantsama a jikin na ƙasa. Matar Blagota ta matso kusa da ni tana raɗa, wai in ja baƙuwar in ba ta gahawa kafin su gyara.

"Ba za a ƙara ɓoye mata komai ba," na ce da ƙarfi. "'Yata, ki faɗa wa waɗanda suka aiko ki har da wannan. Amma ki tsaya ki ga yadda muke wanke su, shi ma ki faɗa."

"Zan ɗauki abin gwaji daga jikin katakon," ta ce. "In ya fito da ƙazanta, ba ruwana da ladabi, haka zan rubuta."

"Da kin yi wani abu daban da na raina makarantar da kika yi."

Aka hura wuta a tsakar ƙauye, aka ɗora manyan tukwane. Mata suka fito da burushi da gishiri, maza suka yi ta mirgino ganguna. Muka ƙona su da tafasasshen ruwa, muka goge, muka sake ƙonawa, muka kife su a rana. Blagota ya naɗe hannun riga yana gurzar gangarsa har gumi na ɗiga daga gashin bakinsa.

Da suka bushe, Darinka ta sa safar hannu ta tambaye ni da wacce ganga za ta fara. Na nuna mata wadda ta fi kowacce ɓaci ɗazu.