Ƙasa da Kilo Ɗaya

Dogo mutum ne da ba a kawo masa shirme a aiki. Shi ya rubuta manhajar da asibitin garinsu ke amfani da ita, kuma ba abin da yake taƙama da shi kamar ƙofar shigar da bayananta. Kafin manhajar ta yarda ta ƙirƙiri sabon majiyyaci, sai ta tantance duk abin da aka ba ta; in ta ga wanda hankali ba zai ɗauka ba, ta ƙi gaba ɗaya. Wajen nauyi kuwa, gogan naka ya yanke cewa ba ɗan Adam da zai gaza kilo ɗaya. Har da ɗan barkwancinsa a saƙon gargaɗin.

To, ranar nan da hantsi matarsa ta haifi bakwaini, 'yar mitsitsiya, aka ruga da ita ɗakin kwalba. Dogo na tsaye bayan nas, tana shigar da bayanan jaririyar don a fitar mata da magani. Ta buga nauyin. Allon ya yi ja: "Wannan nauyin kaza ne, ba na mutum ba. Sake dubawa."

Wayyo, kunya da tsoro suka rufe shi lokaci guda. Da hannunsa ya rubuta wannan, yana kurɓar shayi yana dariya.

"Kwantar da hankalinka, baban jaririya," in ji nas ɗin. "Taurin kai gare shi, abin nan. Kilo ɗaya zan sa mata ya bar mu mu wuce."

"A'a! Don Allah kar ki sa!" Ya dafe teburin. "Da nauyin yake lissafa maganin. In kin ƙara mata nauyi, magani zai ƙara mata."

Yatsanta ya tsaya cak. Ta dube shi, ta dubi allon, ta fita da sauri kiran likita ya zo ya auna maganin da kansa.

Da ta dawo, Dogo ya tare ta a bakin ƙofa.

"Sista, kafin tawa, an taɓa kawo wanda bai kai kilo ba?"

"Sosai ma," ta ce a hankali. "Tun da aka kawo manhajar haka muke yi musu."

Ya juya ya dubi kwalaben da ke jere bayan gilashi. Ta 'yarsa ce ta ƙarshe. Ya kasa tambayar ina sauran jariran da aka ƙara wa nauyi suke.