Yaron da Ya Kwanta a Gicciye

…kuma wai ita ake tambaya. Ita, Mamunatu mai atamfa, da ta haifi uku a asibitin nan, ba wanda ya taɓa ce mata ko "me kika gani?" Yau ga likita mace, yarinya ɗanya, ta ajiye takarda da bik na rubutu a gabanta tana jira. Jira fa! Likita na jiran mai ciki.

Yaron ya kwanta a gicciye. Haka hoton ciki ya nuna, kai a hagu, ƙafa a dama, kamar wanda ya ci tuwon rana ya sami inuwar mangwaro. Ɗan Isiyaku ne, ba gardama. Uban ma haka yake cinye katifa shi kaɗai…

Dariya na neman ƙwace mata. Kul, Mamunatu, nan ba rumfar kasuwa ba ce.

Hanya biyu ce, in ji likita, da Mosanci a hankali, tana jujjuya 'yar tsanar roba a hannu. Ko jibi a gwada juya shi da hannu ta saman ciki, ana sauraren zuciyarsa, ko a sa rana a yi mata aiki. Juyawar da zafi. Tana iya ƙi. In yaro ya nuna wahala, nan take sai ɗakin fiɗa. Aikin kuma… wuƙa ai wuƙa ce, sati nawa ba ɗaga dila? Yarinyar nan ba ta ɓoye mata komai ba, har tsoron ma ta zuba shi a faranti.

Ranar haihuwar Fadimatu… "Buɗe ƙafa, rufe mana baki!" Mari a cinya. Almakashin da ba ta san da shi ba sai da ta ji ɗinki. Bari, bari. Ya wuce. Ga Fadimatu can a lakwal tana karatu, bakinta ya fi rediyo.

Isiyaku fa? Yana hanyar Lome da babbar mota, wayarsa ba rezo, ba ta shiga, sai matar nan ta kamfanin waya mai Faransanci ke amsawa. Yayarsa Shatu kuwa tana waje kan benci da carbi, tun daga Zango take maimaitawa: ki ce sai maigida ya dawo, mace ba ta yanke irin wannan. Mamunatu kuwa ta faɗa wa likita haka. Sai likita ta yi murmushi.

"Madam, ki shawarce shi, yana da kyau. Ki je gida ki yi tunani ma in kina so. Amma cikin a jikinki yake. Ba mai taɓa ki sai kin yarda."

A jikinta yake… To da a jikin wa yake? Wata takwas da rabi tana hawa babur ɗinta mobilet da shi, ramin titi ya jijjiga ta ya jijjiga shi. Ranar da babbar kasuwar Rood Woko ta kama da wuta, hayaƙi har unguwar Tiendpalogo, wa ya jira maigida? Ita ta ja ragowar kaya, ita ta sami rumfa a unguwar Cissin. Isiyaku da ya dawo cewa ya yi, "Ke ai kin fi ni kai." Da bakinsa!

Har tambaya take yi. Ita! In ya juyu zai iya komawa? Zai iya. Yaya Shatu za ta shiga ta riƙe mata hannu? Za ta shiga. In ta ce a tsaya fa? Za a tsaya. A tsakiya? Ko a tsakiya.

Wannan ce ta zauna mata.

Ta ce a gwada juyawar. In ya ƙi, a yi aikin, Allah na nan. Likita na turo tawadar dangwale… a'a, ba ni bik ɗin. Daga dama take farawa, da ajami, mim, alif… Rabonta da rubuta sunanta tun tana riƙe da allo. Ya karkace. To, sai me? Nata ne.

Waje rana ta take. Yaya Shatu na miƙewa, carbi na lilo.

"Me suka ce?"

Suka ce… Ai ba su ce ba. Ita ta ce. In jibi ya yi kyau, ita ce. In kuma… ita ce dai. Ba likita, ba Isiyaku, ba wanda za ta nuna da yatsa. Ashe abin nauyi gare shi haka? Daɗi da nauyi, lokaci guda…

Ta nufi benci. Yaron na shura ta a dama.

"Matsa mini, Yaya. Bari in zauna tukuna."